Ciwon Fuka Da Lalas Irin Na Likita

Da zarar hunturu ya kama a ƙasar Gwarzo da Kabo, rajistar makaranta ce ke fara ba da labari. Iska na ɗauko ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta tarar da ƙaiƙayin sussuka da hayaƙin murhu, sai yaro mai fuka ya kwana zaune, ƙirjinsa na fito, gobe a ga gurbinsa a aji. Wannan ciwo, wanda likitoci ke kira asma, ba na raini ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da shi a 2019, ya kuma kashe 455,000, galibinsu a ƙasashe matalauta.

Ga yadda abin yake. Hanyar numfashi tana rarrabuwa cikin huhu kamar rassan itace, kowane reshe kuwa akwai tsoka da ta zagaye shi kamar zobe. Idan ƙura ko hayaƙi ya taɓa mai fuka, sai tsokar ta tsuke, cikin reshen ya kumbura, majina ta cika sauran wurin. Ga wanda ciwon ya daɗe, tsokar kan yi kauri, shaƙarta ta ƙaru.

To, wannan kaurin ne waɗansu likitoci suka ce bari su rage da zafi, suka kira aikin bronchial thermoplasty, watau gasa hanyoyin numfashi. A 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da na'urar, mai suna Alair. Akan sa majiyyaci barci, a zura siririn bututu mai fitila ta hanci ko baki har cikin huhu. A bakinsa akwai wayoyi huɗu masu buɗewa kamar ɗan kwando, su dafa bangon reshen, su ɗumama shi zuwa digiri 65 na daƙiƙa 10, sa'an nan a matsa gaba. Sau uku ake yi, mako uku tsakani: ƙasan huhun dama, ƙasan na hagu, kana saman duka biyun.

An gwada shi a kan mutum 288, aka buga sakamakon a 2010. Cikin shekarar da ta biyo, waɗanda aka yi wa sun sami raguwar tashin ciwo mai tsanani da kashi 32 cikin 100. Amma a makonnin aikin ciwon kan ƙara tashi, har a kwantar da waɗansu. Ba ya kuma raba mutum da magani. Ba a yi shi don yara ba, sai ɗan shekara 18 zuwa sama wanda maganin shaƙa ya kāsa. Ga tsada, daga baya ma kamfanin Boston Scientific mai na'urar ya daina yin ta.

Mun kira shi lalas don a fahimta ne kurum. Kada wani ya ji wannan ya kai ɗansa a ɗora masa ƙarfe mai zafi a ƙirji. Tsokar nan tana can cikin huhu, wutar da aka sa a fata ba ta isa gare ta, sai dai yaro ya koma gida da ciwo biyu.

Abin da ke ceton yaranmu ya fi wannan araha nesa. Maganin shaƙa iri biyu ne. Salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, yana sakin tsokar cikin 'yan mintoci. Irin su beclometasone kuwa kumburin suke kashewa, kullum ake shaƙa ko lafiya lau ake. Da yawa suna riƙe na farko su yar da na biyu, alhali rigakafi ya fi magani. Har wa yau, a 1999 likitocin Afirka ta Kudu sun nuna gorar roba ta rabin lita, in an huda gindinta an cusa bakin maganin, tana taimakon yaro ya ja shi sosai.

Saboda haka muna roƙon malamai daga Getso har Garo abu huɗu. A rubuta sunan kowane mai fuka tun farkon zango. A yayyafa ruwa kafin shara, a kuma ɗauke masa sharar da goge allo. Kada a ɗauki hakinsa ragwanci ne a sa masa bulala. In ciwon ya tashi, a zaunar da shi tsaye, kada a kwantar, a ba shi maganinsa shaƙa ɗaya-ɗaya har 10. In ya kāsa magana, ko leɓensa ya sake launi, a garzaya da shi asibitin Gwarzo ko mafi kusa, kada a jira a tashi makaranta. Wanda ciwon ya ƙi lafawa duk da magani, iyaye su nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Ma'aikatan ofis kuma, ku ne masu rubuta abin da za a saya wa ɗakunan shan magani. Ku tuna da maganin shaƙa iri biyun nan tun kaka, kafin hazo ya sauko.