Lissafin Kaso: Daga Zangon Agege Zuwa Ɗakin Jarrabawa

Tun daga lokacin da titin jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a wajajen 1912, Hausawa suka riƙa sauka a Agege don cinikin goro da shanu. Yau jikokinsu da suka sauke digiri suna neman zarcewa zuwa digiri na biyu a jami'o'in Amurka, sai ga jarrabawar GRE ta tare musu hanya. Cikin abin da ke kayar da su kuwa har da lissafin kaso, alhali kullum ana yin sa a ƙofar gidajensu.

Ga misali. Fatake biyu sun haɗa jari, ɗaya Naira 200,000, ɗaya Naira 300,000, suka ci ribar Naira 60,000. Watau rabonsu 2 ne da 3. Mai gaggawa sai ya ce na farko ya ɗauki biyu bisa uku. Kuskure ne babba, wanda a kasuwa sai an kai ga Sarkin Hausawa. Dillali tara kason yake yi: 2 da 3 sun zama 5, kowane kaso Naira 12,000, na farko ya tashi da 24,000, na biyu 36,000. Haka malamin rabon gado yake yi in magada 'ya'ya ne maza 2 da mata 3: ya ƙirga kaso 7, namiji biyu, mace ɗaya.

To, inda gizo ke saƙa shi ne in an sarƙa rabo biyu. A ce a kasuwar dabbobi shanu da tumaki 2 ne da 3, tumaki da awaki 4 da 5, jimla kuwa 140. Tumaki sun fito sau biyu da fuska daban, dole a daidaita su. Lambar da 3 da 4 ke shiga ita ce 12, sai rabon ya koma 8 da 12 da 15. Kaso 35 ke nan, kowane ɗaya dabba 4: shanu 32, tumaki 48, awaki 60.

A ganinmu, Turancin tambayar ya fi lissafin cin mutum, domin sau da yawa ɗalibi yakan gano adadin shanu alhali na awaki aka tambaya. Ga kuma ƙurewar lokaci: tun daga Satumba 2023, tambayoyin lissafi 27 ake amsawa cikin minti 47, kowace tambaya ba ta samun minti biyu cikakku.