Kifi a ƙasa, ayoyo a sama: lambun da ba ya buƙatar gona

Duk wanda ya tashi a Nima ko Sabon Zango ya san tsakar gidanmu: siminti ko'ina, ɗakuna a jere, wurin shanya ma da kyar ake samu. To ina za ka shuka ayoyo? Sai dai kasuwa, ga tsada, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu lambunan cikin Akra da ruwan kwata suke ban-ruwa. Wannan ya sa bara, da muka yi hutun makaranta, na gwada akwafoniks, wato kiwon kifi da noman ganye da ruwa guda.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Kifi na cikin tanki, yana fitar da amoniya ta kashinsa da numfashinsa, wadda in ta taru takan kashe shi. Ƙaramin famfon lantarki yana ɗaga ruwan zuwa kwandon tsakuwa da ke sama. A jikin tsakuwar akwai ƙwayoyin bakteriya masu juya amoniya zuwa naitrait, wasu kuma su mayar da shi naitret, takin da ganye ke so. Saiwoyi su sha, ruwa ya koma wa kifi a tace. Ba ƙasa, ba noman ciyawa, ruwan da za ka ƙara kuma ɗan abin da rana da ganye suka shanye ne kawai.

Tankin roba mai lita 1,000 na saya, irin mai kejin ƙarfe. Na yanke samansa ya zama kwandon shuka, ƙasan ya zama gidan kifi. Sai gaggawa ta ci ni. Ran da na gama haɗawa, ran nan na zuba 'ya'yan karfasa talatin. Kafin mako biyu fiye da rabi sun mutu. Uwargida ta ce, "Malam, wannan kiwo ne ko jana'iza?" Ashe ƙwayoyin nan sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su zauna a tsakuwa. Da kifi kaɗan ake farawa, abinci kaɗan kaɗan. Ruwan famfo ma sai ya kwana biyu a buɗe kulorin ya fita. Tsakuwa kuwa, ɗiga mata ruwan lemun tsami tukuna. In ta yi kumfa akwai farar ƙasa a ciki, kar ka sa ta.

Darasi na biyu, dumsor. Da wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, iskar cikin ruwa ta ragu, karfasa ta fara haki a sama. Shi ya sa nake ba mai farawa shawarar tarwaɗa, domin ita tana iya shaƙar iskar waje. Wanda ya nace sai karfasa, ya tanadi batir ko ƙaramar sola. Kuma kar a cika tanki: ƙa'idar da hukumar FAO ta bayar ga ƙaramin lambu ita ce kada kifi ya wuce kilo 20 a lita 1,000.

Ganye ya fi saurin biyan wahala. Ayoyo, alayyafo, latas da na'ana'a duk sun karɓa. Tumatir da barkono masu ci ne, a jira sai kifi ya girma. Maganin ƙwari haramun ne a nan, don abin da ka fesa a sama kifi ne zai sha a ƙasa. Tsutsa da hannu ake tsincewa.

Ba zan ce ya rufe mana kuɗin cefane ba, abincin kifi ma da sidi ake saye. Amma miyar ayoyon tuwon zafinmu yanzu daga bayan ɗaki take fitowa, kuma mun san ruwan da ta sha. In kana gidan haya, nemi yardar mai gida kafin ka sayi tanki. In ya yarda, fara da kifi goma, ka ba tsakuwarka wata guda.