Yadda Ake Samun Inshorar Lafiya Ta Biya Kuɗin Haihuwa A Gida A Amurka

Haihuwa a gida a hannun ungozoma ta fi ta asibiti araha a ƙasar Amurka, amma duk da haka iyalai da yawa daga aljihunsu suke biyan kuɗinta, ko da suna da inshorar lafiya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bayyana cewa an haifi jarirai 51,642 a gida a shekarar 2021, wato 1.4 cikin 100 na haihuwar da aka yi, adadin da ba a ga irinsa ba tun 1990.

Dokar kiwon lafiya ta 2010, wadda Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu, ta wajabta wa kamfanoni su sanya kula da mai ciki da haihuwa cikin inshorar da suke sayar wa ɗaiɗaikun mutane da ƙananan ma'aikatu, tun daga 2014. Sai dai dokar ba ta ce lalle a biya haihuwar gida ba. Wannan ya rage ga dokar kowace jiha da kuma yarjejeniyar da mutum ya ƙulla da kamfaninsa.

Matsala ta farko ita ce ta lasisi. Akwai ungozomar da ta fara da aikin jinya, wadda dukkan jihohi 50 suka amince da ita, kuma shirin gwamnati na marasa galihu, wato Medicaid, yake biyan aikinta. To amma galibin irinta a asibiti suke aiki. Akwai kuma wadda ta koyi unguwarzoma kai tsaye, wadda ta fi karɓar haihuwa a gida, amma ba kowace jiha ce ke ba ta lasisi ba.

Ta biyu, kowane kamfani yana da jerin ma'aikatan lafiya da ya yi ciniki da su. Kafin ya sa ungozoma cikin jerin, yakan nemi ta mallaki inshorar biyan diyya idan aka yi kuskure a wurin aiki. Wannan inshora tana da tsada, saboda haka da yawa ba su da ita. Bugu da ƙari, manyan kamfanonin da ke biyan kuɗin jinyar ma'aikatansu daga asusunsu suna ƙarƙashin dokar tarayya ta 1974, don haka dokar jiha ba ta tilasta musu.

Saboda haka, iyalin da ke son a biya musu sai su fara nema tun cikin yana ƙarami. Za su rubuta wa kamfanin takarda tare da lambar lasisin ungozomar. Idan babu mai karɓar haihuwa a gida cikin jerin kamfanin a yankinsu, suna iya roƙon a ɗauki tasu tamkar 'yar jerin. Wajibi ne amincewar ta zo a rubuce, domin alkawarin wayar tarho ba ya zama hujja ranar biya.

Sau da yawa iyali ne ke fara biya, sa'an nan su miƙa cikakken rasit domin a mayar musu. Idan kamfani ya ƙi, doka ta ba su kwana 180 su ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, daga nan kuma su nemi masu bincike na waje su duba. Haka kuma yana da muhimmanci a tabbatar asibitin da za a garzaya idan naƙuda ta yi gardama yana cikin jerin, domin a nan ne kuɗi mafi yawa yake fita.

A ƙasar Holan kuwa lamarin ya sha bamban. Inshorar dole da aka kafa a 2006 tana biyan haihuwar gida gaba ɗaya, yayin da matar da ta zaɓi asibiti ba tare da dalilin lafiya ba take biyan wani kaso da kanta.