SHIRIN SAP: ABIN DA AKA RUBUTA DA ABIN DA AKA GANI

A ƙarshen shekarar 1985 Janar Ibrahim Babangida ya bar jama'ar Nijeriya su yi muhawara a kan ko a karɓi rancen Hukumar Ba da Lamuni ta Duniya, watau IMF. Jama'a suka ce ba su so, Gwamnatin Soja kuwa ta ce ta ji. Amma a watan Yuli na 1986 sai ta fito da shirin gyaran tattalin arziki da aka sani da SAP, wanda ya ƙunshi galibin sharuɗɗan da aka ƙi. Aka ce shekara biyu zai yi.

A takarda lissafin ba shi da aibi. Masana suka ce in aka karya darajar naira, kayan waje za su yi tsada, mutane su koma ga na gida, namu kuma su yi araha a kasuwannin duniya, a saye su da yawa. To, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. A 1987 ta kai naira 4, a 1993 kuwa ta kai wajen naira 22.

Abin da lissafin ya tsallake shi ne irin kayan da muke sayarwa. A wancan lokacin, fiye da kashi 90 cikin ɗari na kuɗin waje da ƙasar ke samu daga man fetur yake, shi kuwa da dala ake yanka masa farashi, kuma ƙungiyar OPEC ke ƙayyade yawan gangar da za a haƙo. Ko naira ta faɗi ƙasa warwas, ba za a ƙara sayen ganga ɗaya ba saboda haka. Masana'antun da aka ce za su farfaɗo kuwa, irin masaƙun Kaduna da Kano, injunansu da kayan gyaransu da sinadarin rini duk daga waje ake kawo su. Tsadar da aka nufi baƙon kaya da ita, sai ta faɗa a kan ɗan gida. Har kujerar Makka ba ta tsira ba, domin da kuɗin waje ake biyan jirgi da masauki.

Ba mu ce babu wanda ya amfana ba. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona guda 6 a 1986, manoman koko a Kudu sun sami farashi mai kyau, kuma daina ba da lasisin shigo da kaya ya toshe wata babbar kafar cin hanci. Amma manomin auduga a Funtuwa ko Gusau, hukumar nan ce take raba masa iri, take tantance ingancin audugarsa. Aka rushe ta ba a tanadi mai ɗaukar wannan nauyi ba, iri ya gauraye, inganci ya ragu.

A watan Mayu na 1989 ɗalibai suka fara zanga-zangar ƙin jinin SAP, ta bazu zuwa Binin da Ikko, aka yi asarar rayuka. Gwamnati ta fito da matakan rage raɗaɗi, a ƙarshen shekarar kuma ta buɗe Bankin Al'umma don bai wa talakawa ƙaramin rance ba tare da jingina ba.