Birai, Bincike da Yawan Ambato: Misalin Gandun Dajin Gashaka-Gumti

1.0 Gabatarwa

A jami'o'in zamani ba a tsaya ga tambayar littattafai da maƙalu nawa malami ya wallafa ba. Ana kuma tambayar sau nawa wasu masana suka kafa hujja da abin da ya rubuta, wanda a wannan takarda za a kira shi ambato. Takardar za ta yi bayanin yadda ake wannan ƙidaya da abin da take nunawa, ta hanyar ɗaukar misali daga fagen nazarin halayyar birai da muhallinsu. A Fezzan, da ma Libiya baki ɗaya, babu birai a daji, don haka an gangara kudu zuwa Gashaka-Gumti a Nijeriya, inda Hausa take cikin manyan harsunan mu'amala tare da Fulatanci.

2.0 Yadda Ake Ƙidayar Ambato

Eugene Garfield, wani masani Ba'amurke, shi ne ya assasa wannan ƙidaya da kundinsa Science Citation Index, wanda ya fara fitowa a kai a kai a 1964. A 2004 Scopus da Google Scholar suka bayyana a intanet, aikin ya ƙara sauƙi. A 2005 kuma Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya fito da ma'aunin da ake kira ma'aunin h. Idan aka ce ma'aunin h na malami 20 ne, ana nufin yana da maƙalu 20 waɗanda kowace ɗaya an ambace ta aƙalla sau 20. Ke nan wanda ya yi maƙala ɗaya tak, ko da an ambace ta sau 5,000, ma'auninsa 1 ne.

A fagen birai akwai misali sananne. Jeanne Altmann, wadda ta yi shekaru tana nazarin gwaggon biri a Amboseli ta ƙasar Kenya, ta wallafa maƙala a mujallar Behaviour a 1974 a kan hanyoyin lura da dabba da rubuta abin da take yi, alal misali a zaɓi biri ɗaya a bi shi na wani ƙayyadadden lokaci. An ambaci maƙalar fiye da sau 10,000. Dalili kuwa shi ne maƙalar kayan aiki ce: mai nazarin tsuntsu da mai nazarin akuya duk suna buƙatarta. Tun daga nan za a fahimci cewa yawan ambato yana bin yawan masu buƙatar rubutu ne, kuma masu buƙatar hanyar bincike sun fi masu buƙatar labarin wani daji guda yawa nesa ba kusa ba.

3.0 Aikin Gashaka

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Nijeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000 a jihohin Taraba da Adamawa, a kan iyaka da Kamaru, kuma an ba shi wannan matsayi a 1991. A 2000 Volker Sommer, Bajamushe, farfesa a University College London, ya kafa shirin nazarin birai a can, da sansani a Kwano. Kafin zuwansa Nijeriya ya yi nazarin birai a Jodhpur ta Indiya da kuma Khao Yai ta Tailan. Caroline Ross ta Jami'ar Roehampton ita ta jagoranci ɓangaren gwaggon biri, gidan namun daji na Chester a Ingila kuma ya ba da tallafin kuɗi. A 2011 su biyun suka tace littafin Primates of Gashaka, wanda ya tattara sakamakon kimanin shekara 10.

Wanda ya duba jerin ayyukan shugaban irin wannan shiri zai ga sunaye da yawa a kan kowace maƙala. Ɗalibi mai neman digirin digirgir ne yakan kwana a daji, sunansa ya zo a farko, na malaminsa ya zo a ƙarshe, kuma injin ƙidaya yana ba kowannensu cikakken ambato. Andrew Fowler da Sommer (2007) sun yi bayanin kayan aikin cimfanzi, wanda ake kira biri mai ganga a Hausar yankin saboda yadda yake dukan gindin itatuwa. Sun nuna yana gyara tsinke da sanda don ciro zuma da kwarkwasa, amma ba a same shi yana cin gara ba, alhali kuwa 'yan'uwansa na Gombe ta Tanzaniya sun yi suna da kamun gara. Masu muhawara a kan ko dabba tana da al'ada su ne suke ambaton irin wannan aiki.

Akwai kuma binciken da zai fi jan hankalin Bahaushe. James Higham da abokan aikinsa (2007) sun auna sinadaran haihuwa a kashin matan gwaggon biri, suka ga cewa a lokacin da suke cin 'ya'yan ɗinya da ɗanyen ganyenta wani sinadari dangin furojestaron yana hauhawa, kumburin da yake nuna mace ta shirya barbara kuma yana raguwa. Wato ɗinyar da yara suke tsinta a bakin gona tana yi wa biran aiki irin na maganin tazarar haihuwa. A wani aikin na 2009 sun kwatanta garken Kwano, mai cin abincin daji kawai, da garken Gamgam, mai ɓarnar gonakin masara. Matan Gamgam sun fi saurin sake haihuwa, 'ya'yansu kuma sun fi rayuwa. Ga manomin da yake wuni gadin gona wannan ba ƙaramin labari ba ne, sai dai shi ba ya rubuta maƙala balle ya ambace ta.

3.1 Maƙalar da Ta Tsallaka Fagen Harshe

A 2006 Kate Arnold da Klaus Zuberbühler na Jami'ar St Andrews ta Sukotland suka wallafa gajeriyar maƙala, wadda ba ta wuce shafi ɗaya ba, a mujallar Nature. A kan wani biri mai farin hanci na dajin Gashaka suka yi ta. Namijin wannan biri yana da kuka iri biyu, waɗanda suka rubuta da pyow da hack. Na farko yakan yi shi idan ya ga damisa, na biyu kuma idan ya ga gaggafa. Amma idan ya jera pyow kaɗan ya biyo su da hack, sai garken ya tashi ya yi gaba. Haɗin ya haifar da saƙon da babu shi a cikin ko ɗaya daga kukan biyu.

Ɗalibin ginin kalma zai tuna da harɗaɗɗun sunaye irin su ɗan sanda, wanda ma'anarsa ba ɗa ba ce kuma ba sanda ba. Tambayar da masana harshe suka yi ke nan: shin jerin kukan dunƙulalliyar magana ce da ake haddacewa, ko kuwa ana gina ma'anarsa daga sassansa kamar jumla? A 2016 Philippe Schlenker, masanin ilimin ma'ana a Faransa, tare da wasu, ciki har da Arnold da Zuberbühler, suka sake nazarin bayanan a mujallar Lingua, suka auna fassarorin biyu. A lokacin an riga an gano cewa pyow bai keɓanta ga damisa ba, kuka ne na jan hankali gaba ɗaya. Abin lura shi ne, mai goyon bayan maƙalar 2006 da mai musunta duk ambato ɗaya suke ƙara mata, injin ba ya bambance yabo da suka. Shafi ɗaya ya sami masu karatu a fagen dabbobi da na harshe da na falsafa, abin da babi mai tsawo a kan gwaggon biri da gonaki ba zai samu ba.

4.0 Abin da Ƙidayar Take Tsallakewa

Ba a bin biri a daji sai ya saba da mutum, kuma sabon yakan ɗauki shekaru. Mutanen ƙauyukan yankin da aka ɗauka aiki su suka san hanya, su suke gane sawu da kuka da sunayen itatuwa. A al'adar wallafa ta wancan lokaci galibi a sashen godiya ake sanya irin waɗannan mataimaka, sashen da ba a ƙidayawa. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake ta kiran a gyara, kuma Sanarwar San Francisco ta 2012 ta nemi jami'o'i su daina auna malami da martabar mujallar da ya wallafa a ciki kawai.

Harshe ma yana da tasiri. Sommer ya rubuta littattafai da dama da Jamusanci, ciki har da Schimpansenland na 2008 a kan Gashaka, amma kundayen ƙidaya sun fi karkata ga mujallun Ingilishi. Haka abin yake ga malamin Hausa: maƙalar da ta fito a Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, Kano, tana iya shiga kundayen digiri masu yawa a Zariya da Sakkwato da Sabha, amma tun da yawancin mujallun Hausa da kundayen ɗalibai ba sa cikin Scopus, ambaton ba zai bayyana a can ba.