Kasuwar da ke ɓoye a gindin albasa

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, duk wanda ya ratsa Aliero hancinsa ne zai fara gaya masa inda yake. Ga albasa jibge a bakin titi, 'yan dako na ɗinke buhuna, manyan motoci na jiran lodi zuwa kudu. A lokacin ne farashi ke faɗuwa warwas, domin kowa ya cire tasa a tare. Kafin Nuwamba kuwa buhu ya yi tashin gwauron zabo.

Sabon ɗan kasuwa yakan ga haka ya ce shi ma zai saya ya ajiye. Sai dai manyan dillalai sun riga shi, jarinsu kuma ya fi nasa. Inda ya kamata ya kasa kunne shi ne kukan manoma: albasar da suke zubawa a rudu, wato rumfar kara da ciyawa, zafi da damshin damina kan ruɓar da mai yawa. Wanda ya gina ma'ajiyar da iska ke ratsawa ya ba da haya, ko ya yayyanka albasa ya busar ya niƙa gari, ya samu sana'a ba tare da ya yi gogayya da kowa ba. Mata sun daɗe da gane wannan, shi ya sa lawashi ba ya zama shara, dakawa suke yi su shanya ya koma gabu.

Baƙi ma kasuwa ne. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 ta kawo ɗalibai masu neman ɗakin haya, abinci da wurin buga takardu. Masu ɗorin garin kuma na karɓar majinyata daga nesa, 'yan jinya su kwashe makonni suna buƙatar masauki da ruwa.

Damar ba ta tsaya a Aliero ba. A Jega, inda hanyoyin Sakkwato, Birnin Kebbi da Yawuri suka haɗu, masu noman rani a fadamar Gulbin Zamfara sun ji jiki bayan cire tallafin man fetur a 2023. Wasu sun koma injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, kuma kowane inji na buƙatar mai haɗa shi da mai gyara. A Maiyama da kewaye, shinkafar da nomanta ya bunƙasa tun shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 ta buɗe ƙofar turarawa, casa da sayar da dusa ga makiyaya.

Gano irin wannan dama ba ya cin kuɗi da yawa. Matashi ya wuni a kasuwar Jega da ɗan littafinsa, yana rubuta abin da mutane suka tambaya suka rasa. Abin da ya ji an nema sau biyar, sai ya kawo kaɗan a kasuwa ta gaba ya ga ko zai ƙare kafin la'asar.