Kan Jirgi Mai Ƙyalli da Wanda Aka Tsufar

A Jamus da Ingila da Amurka akwai manyan mutane, wasu da furfura, da ke tara ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki a kan siririn layin dogo da aka shimfiɗa bisa tebur. Awon da ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake rage girman komai sau 87, har kan jirgi mai tsawon mita 20 ya dawo kusan taƙi ɗaya. Kamfanoni irin su Märklin da Hornby da Bachmann ne ke ƙera su. Da an fito da kan jirgi daga kwali kuwa, sai masu harkar su rabu biyu. Wasu sukan bar shi da ƙyallinsa na kamfani. Wasu kuma sukan ɗauko burushi su tsufar da shi, su sa masa ƙura da tsatsa da baƙin mai har ya yi kama da wanda ya shekara goma yana jan kaya.

Masu barin ƙyalli suna da hujja. Fentin kamfani yana nuna ainihin launi da rubutu da lambar jirgin, kuma wanda bai taɓa nasa ba, ya adana kwalinsa, yakan sayar da shi da daraja. Tsufarwa kuwa galibi ba ta da gyara, in hannu ya kuskure an yi asarar kuɗi mai yawa. Mu ma a nan Nijeriya idonmu yana son sabon abu, don haka ban ga laifinsu ba.

Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin layin dogo a Agege ya san jirgin da ke aiki ba ya ƙyalli. Tsohon layin nan da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya haɗe da Kano wajen 1912, shi ya riƙa sauko da shanu da fatake, ya koma da goro, kuma yana cikin abubuwan da suka zaunar da Hausawa a Zangon Agege. Kan jirgin da ya bi wannan hanya yana ɗauke da labarinta a jikinsa. Jar ƙasar Arewa tana maƙale a ƙafafunsa, ƙurar hunturu ta dusashe fentin, laimar Legas ta fito da tsatsa a bakin kowace ƙusa. Wannan labarin mai tsufarwa yake nema, kuma sai ya san dalilin kowane tabo kafin ya sa shi. A kan jirgi mai dizal, baƙin hayaƙi a rufi yake taruwa, kewaye da bututu, ya yi wa gaba da baya jirwaye domin jirgin yana tafiya ta fuska biyu. A gefen tanki akwai zanen man da ya tsiyaya lokacin zubawa. A ƙafafu akwai jan gari da birki ke ci. Kan jirgi mai tururi, irin waɗanda suka ci kwal ɗin Inugu, nasa daban ne: toka a sama, farin tabon ruwa mai gishiri inda tukunya ke yoyo, maiƙo a sandunan da ke juya ƙafafu.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana tsinka fenti ya yi ruwa-ruwa a bar shi ya gangara cikin lunguna. Ana kankare alli mai launi a shafa garinsa da burushi mai laushi. Ana share burushi har ya kusa bushewa, a goga a kan gefuna don su fito. Daga ƙarshe a fesa wani ruwa mai kashe ƙyalli ya riƙe komai. Ana jan burushi daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan sama ke bi. Wani Ba'amurke, John Allen, da ya gina shahararren layinsa a gidansa na Monterey, yana cikin waɗanda suka fito da wannan salo. Ya rasu a 1973, gobara kuma ta cinye aikin kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa, galibi hotuna ne suka rage.

Ni dai ina tare da masu tsufarwa, da sharaɗi ɗaya: a yi aiki da hoto ko da abin da ido ya gani. Wanda ya lafta tsatsa ko'ina, ya mai da jirgi mai aiki kamar wanda aka yasar a juji, ya yi ƙarya fiye da mai barin ƙyalli, domin shi mai ƙyalli aƙalla ya nuna ranar farko ta jirgin. Kamar gishiri ne a miya, a riƙa sawa kaɗan-kaɗan ana dubawa. Kuma ba kowane jirgi ne ke son tsufa ba. Wanda zai kwaikwayi jiragen sabon layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, ko na layin Red Line na Legas da ya fara aiki a 2024, waɗanda duk suke tsayawa a Agege, ƙura kaɗan a ƙasa ta ishe shi.

Mai son kwaikwayon tsohon jirginmu yana da ƙarin aiki. Faɗin tsohon layin milimita 1,067 ne, saboda haka a awon HO layi mai milimita 12 zai nema, ba na 16.5 da aka saba sayarwa ba, kuma da wuya ya sami kan jirgin Nijeriya a kanti, sai ya sayi mai kama ya sake masa fenti. Wannan bai fi ƙarfin hannun da ya taso yana yanka gwangwani yana haɗa motar langa-langa ba. Mazaunin Sabo ta Ikorodu, inda layin dogo bai bi ba, sai ya yi takakkiya zuwa Agege, ko gidan tarihi na Jaekel House a Ebute Metta, ya ɗauki hoton rufi da tanki da ƙafafu daga kusa kafin ya taɓa burushi.